Balaga da Hankali a Falsafar Turai daga Ƙarni na 16 zuwa na 18: Tambayoyi da Amsoshi

Wane zamani ake magana a kai, kuma mene ne tushen saɓanin?

Ana magana ne a kan shekaru kusan 300, daga wajajen 1500 zuwa ƙarshen ƙarni na 18, wato lokacin da injin ɗab'i ya cika kasuwannin Turai da littattafai, Kiristocin yammacin nahiyar suka rabu gida biyu, Katolika da Furotesta, kuma kimiyyar Galileo da Newton ta soma ture abin da aka gada daga Aristotal. A farkon wannan zamani ba a kiran mutum mai ilimi sai ya iya miƙewa gaban jama'a ya shawo kansu da magana. Kafin ya ƙare, manyan masana falsafa sun riga sun rubuta cewa wannan gwaninta yaudara ce, kuma hujja ita kaɗai ta wadatar. Abin da suke ja-in-ja a kai shi ne wannan: mutumin da ya san gaskiya, shin ya halatta ya sa mata ado, ya taɓa zuciyar mai sauraro, don a karɓa daga gare shi, ko kuwa duk abin da aka ƙara a kan hujja maguɗi ne? Abin da zai riƙa fitowa a amsoshin da ke tafe shi ne cewa waɗanda suka fi kushe balaga suna cikin waɗanda suka fi iya ta, kuma babu ɗayansu da ya ajiye ta da gaske.

Wannan balagar ita ce wadda ake karantawa a zaurukan malamai?

Suna da dangantaka, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma an ari kalmar ne a nan don sauƙi. Balagar Larabci, mai rassa uku na ma'ani da bayani da badi'i, ta fi mayar da hankali ga dacewar magana da muhallinta da kuma gane gagarar Alƙur'ani. Abin da Turawa suka gada daga Girkawa da Rumawa ya fi kusa da abin da malaman manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin tunani da hujja) ke kira haɗaba, wato fasahar shawo kan jama'a a kotu da majalisa da dandalin taro. Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushd duk sun lissafa littafin Aristotal na wannan fanni cikin littattafan manɗiƙi, kuma ɗalibin da ya haddace *Sullam* na Abdurrahman al-Ahdari ya san baitin da ya kasa hujjar hankali gida biyar: haɗaba, da shi'iri, da burhani, da jidali, da safsaɗa, burhani kuwa, wato hujja mai tabbas, shi ne mafi ɗaukaka. Ahdari ya rayu a Aljeriya a ƙarni na 16, kuma shi ne mai *Jauharul Maknun* da ake karantawa a balaga. A tsarin da ya bi, haɗaba tana ƙasa da burhani, amma 'yar gida ce. Wasu masana falsafar Turai na ƙarni na 17 korar ta suka so yi daga gidan gaba ɗaya.

Yaya ake koyar da ita a makarantun Turai kafin a juya mata baya?

Da Latinanci ake koyar da ita, kuma tun yaro yana ƙarami. Manyan malaman fannin su ne Cicero, ɗan siyasar Rum, da Quintilian, malamin balaga na Rum, wanda aka gano cikakken littafinsa a 1416 a wani gidan masu zuhudu da ke St. Gallen a ƙasar Suwizalan ta yau. An kasa fannin kashi biyar: nemo hujjoji, da jera su, da zaɓar kalmomi da adon harshe, da haddacewa, da gabatarwa da murya da motsin jiki. Daga Aristotal kuma aka koyi cewa hanyoyin shawo kan mutum uku ne, wato amincin mai magana a idon masu sauraro, da motsa zukatansu, da hujjar kanta.

Kowane ɗalibi yana da littafin da yake tara zantukan magabata a ƙarƙashin kanun batutuwa kamar adalci, da abota, da mutuwa, domin ranar buƙata ya ɗebo. A littafin da Erasmus, malami ɗan ƙasar Holan, ya fitar a 1512 kan yalwar magana, ya ɗauki jumla guda, "wasiƙarka ta faranta mini rai ƙwarai", ya sake faɗinta ta hanyoyi fiye da 100. Atisayen da ya fi kowane barin baya da ƙura shi ne na kare ɓangare biyu: yau a ce wa yaro ya yabi aure, gobe a ce ya kushe shi, kuma ana sa ran ya gamsar da ajin a duka ranakun. Tsarin karatun da ƙungiyar Jesuit ta Katolika ta tabbatar a 1599 ya sa ajin balaga a matsayin ƙololuwar karatun harshe, kafin ɗalibi ya shiga falsafa.

Ya kamata a yi wa masu wannan tsari adalci. Ba makaryata suke nufin yayewa ba. Hujjarsu ita ce al'amuran kotu da mulki da yaƙi ba su da tabbas irin na lissafi, dole a yanke shawara a kan abin da ya fi rinjaye, kuma wanda bai iya ganin ƙarfin hujjar abokin hamayyarsa ba bai fahimci tasa ba. Suna yawan maimaita maganar Cicero cewa hikima ba tare da fasaha ba amfaninta ga al'umma kaɗan ne, fasaha ba tare da hikima ba kuwa cutarwarta ta fi yawa.

To me ya sa aka soma zarginta?

Jini ne ya zuba. Faransa ta shafe shekarun 1562 zuwa 1598 cikin yaƙin addini, ƙasashen Jamus suka sha Yaƙin Shekara Talatin daga 1618 zuwa 1648, Ingila ta faɗa yaƙin basasa a 1642 har aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Masu wa'azi da masu rubuta ƙasidun kowane ɓangare a makarantu iri ɗaya suka yi karatu, littattafai iri ɗaya suka haddace, kuma kowa ya iya tabbatar da cewa Allah na tare da shi. Wanda ya ga haka ba zai yi mamaki ba idan wasu suka ce laifin na horon ne.

Akwai wata dabara ta musamman da ta tayar da hankalin masu tunani, wato sake wa hali suna. Marowaci sai a kira shi mai tattali, matsoraci ya zama mai taka-tsantsan, almubazzari ya zama mai kyauta, haka kuma ana iya juya ta a mayar da jarumi mai wauta. Ba a canza abin da mutumin ya aikata ba ko kaɗan, suna kawai aka sauya, hukunci ya bi sunan. Idan har ana iya yin haka da kowane hali, to nagarta da mugunta sun zama abin da gwanin baki ya ga dama. Montaigne, marubucin Faransa wanda muƙalunsa suka fara fitowa a 1580, ya kamanta ma'abocin balaga da baduku mai ɗinka wa ƙaramar ƙafa babban takalmi. A gefe guda kuma ga littafin Euclid na lissafin siffofi, wanda a cikinsa ake tashi daga 'yan ƙa'idoji kaɗan a kai ga sakamakon da Katolika da Furotesta ba sa jayayya a kansa. Sha'awar a mayar da dukkan ilimi irin wannan ita ce ta mamaye ƙarni na 17.

Mene ne Petrus Ramus ya yi da ake yawan ambatonsa?

Rabon gado ya yi. Wannan malamin Paris ya cire nemo hujja da jera ta daga balaga ya mayar da su ga manɗiƙi, ya bar mata adon harshe da gabatarwa kawai. Littattafansa sun bazu a makarantun Furotesta na Jamus da Ingila da Sikotilan, shi kuma an kashe shi a kisan gillar da aka yi wa Furotesta a Paris a 1572. Nufinsa sauƙaƙa karatu ne, amma da zarar an cire wa balaga tunani an bar ta da kwalliya, to zarginta da zama kwalliyar banza ya zo da sauƙi.

Descartes ya ƙi balaga da gaske?

A baki ya ƙi ta. René Descartes ya yi karatu a makarantar Jesuit ta La Flèche, ya sha ajin balaga kamar kowa, sannan a littafinsa na bayanin hanyar bincike da aka buga a Leiden a 1637 ya ce fasahar magana baiwa ce, ba abin da karatu ke bayarwa ba. Ya ƙara da cewa wanda ya fi ƙarfin tunani, ya fi iya jera ra'ayoyinsa su fito fili, shi ya fi shawo kan mutane, ko da ba ya jin wani harshe sai na ƙauyukan Bretagne, ko da bai taɓa koyon balaga ba. A wurinsa abin da hankali ya gani sarai ba ya buƙatar mai talla.

Amma a duba yadda aka gina littafin da ya ƙunshi wannan magana. Da Faransanci ya rubuta shi, ba da Latinancin malamai ba, ya kuma faɗa cewa yana fatan masu aiki da hankalinsu na halitta za su fi yi masa adalci, wanda hakan yabon mai karatu ne tun kafin a soma. Bai jero ƙa'idoji kamar Euclid ba, labarin rayuwarsa ya bayar: yadda ya gama makaranta ya ga bai san komai ba, yadda ya shiga duniya, yadda sanyin hunturu ya tsare shi a wani ɗaki mai murhu a Jamus ya wuni yana tunani shi kaɗai. Ya ce ba koyar da kowa yake yi ba, a ɗauki abin kamar tarihi ko tatsuniya. Duk wanda ya karanta Quintilian ya san wannan ƙanƙan da kai, domin darasi ne na yadda ake samun amincewar mai sauraro. A littafinsa na zuzzurfan tunani na 1641 kuma, da zai nuna cewa ba ido da hanci ke sanin abu ba, sai ya ɗauko ɗan kakin zuma da aka ciro daga amya, da sauran ɗanɗanon zuma da ƙanshin fure a jikinsa, ya kai shi kusa da wuta har ya narke, ƙanshi ya tafi, siffa ta sauya, ya tambaya ko kakin nan ne har yanzu. Masu karatu da yawa sun manta hujjar, kakin kuwa ya zauna musu.

Ba kowa misali ke rufe wa baki ba. A 1643 Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ta rubuta masa tana tambaya yadda rai, wanda ba shi da jiki, ke iya motsa jiki. Ya amsa mata da kwatancen yadda mutane ke ɗaukar nauyi yana jan dutse ƙasa, ita kuma cikin ladabi ta mayar masa cewa kwatancen bai warware mata komai ba.

Ina Francis Bacon ya tsaya?

A tsakiya ya tsaya, kuma a ganina ya fi yawancin na bayansa hangen nesa. Bacon lauya ne, ɗan majalisa, ya kai muƙamin babban alƙalin alƙalan Ingila kafin a tuɓe shi a 1621 bisa karɓar kyaututtuka daga masu shari'a, saboda haka ya san aikin baki ciki da waje. A littafinsa na 1605 kan bunƙasar ilimi ya ce cuta ta farko da ke kama karatu ita ce mutane su koma nazarin kalmomi su bar ainihin abu, a 1620 kuma ya lissafa gumaka huɗu da ke ɓata tunani, ya ce mafi fitina a cikinsu su ne "gumakan kasuwa", wato kalmomin da jama'a suka ƙirƙira a mu'amalarsu ta yau da kullum suke kuma karkatar da tunanin masana.

Duk da haka bai ce a jefar da balaga ba. Ya ce aikinta shi ne ta kai hukuncin hankali ga ƙarfin sawwarawa, wato zana hoton abu a zuci, domin a motsa niyya. Dalilinsa mai sauƙin ganewa ne: sha'awa abin da ke gabanta kawai take gani, hankali kuwa yana hango gobe, kuma tun da na kusa ya fi cika ido, hankali ne ke shan kaye. Idan fasahar magana ta jawo abin da ke nesa ta ajiye shi kamar yana gaban mutum, sai sawwarawa ta sauya sheƙa, hankali ya yi rinjaye. Likitan da ke son mai ciwon suga ya rage zaƙi ya san cewa karanta masa alƙaluman gwaji ba ya isa.

Me ya sa ake cewa Thomas Hobbes ya canza ra'ayi?

Domin rayuwarsa ta bi ta matakai uku da ake iya gani a rubuce-rubucensa, kamar yadda masanin tarihi Quentin Skinner ya bi diddigi a littafinsa na 1996. Da farko Hobbes cikakken ɗan tsohon tsari ne: ya fassara tarihin Thucydides daga Girkanci ya fitar a 1629, ya kuma taƙaita littafin Aristotal na balaga saboda ɗalibin da yake koyarwa. Abokinsa John Aubrey ya ba da labarin cewa yana da shekara 40 ya shiga ɗakin karatun wani mutum ya tarar da Euclid a buɗe a kan mas'ala ta 47 ta littafi na ɗaya, ya karanta, ya rantse cewa wannan ba zai yiwu ba. Sai ya bi hujjar, ta mayar da shi ga wata mas'ala, ita ma ta mayar da shi ga wata, har ya kai tushe ya ga ba makawa. Daga ranar, in ji Aubrey, ya kamu da son lissafin siffofi.

Mataki na biyu shi ne na gaba da balaga. A littattafansa na siyasa na 1640 da 1642 ya ce mulkin jama'a a haƙiƙa mulkin gwanayen baki ne, kuma mai tayar da fitina yana buƙatar abu biyu, fasaha mai yawa da hikima kaɗan. Ya kawo tsohon labarin Girkawa na 'ya'yan Sarki Pelias mata, waɗanda wata matsafiya mai suna Medea ta yi wa romon baka har suka yanyanka mahaifinsu suka dafa da zaton zai tashi matashi, ya ce haka talakawa ke yi wa ƙasarsu idan wauta ta haɗu da fasaha. Ya yi imani a lokacin cewa hujja mai tsari za ta tilasta wa kowa yarda.

Yaƙin basasa ya koya masa cewa ba haka mutane suke ba. A *Leviathan*, wanda ya rubuta yana gudun hijira a Paris aka buga a Landan a 1651, har yanzu yana cewa tunani ba komai ba ne illa tarawa da ɗebewa, kalmomi kuwa 'ya'yan ƙidaya ne a hannun masu hikima amma kuɗi ne a wurin wawaye, kuma siffantawa, wato kamanta abu da wani a magana, kamar wutar nan ce ta yaudara da ke ɓatar da matafiyi a fadama. Sai dai ya ƙara wata magana mai ɗaci: da a ce gaskiyar lissafin kusurwoyin alwatika ta ci karo da muradin masu mulki, da an ƙone dukkan littattafan lissafi. Idan son zuciya na iya yin haka, to hujja ba ta da ƙafar da za ta kai kanta. A rufewar littafin ya amince cewa a fagen ɗabi'a da siyasa hankali da fasaha na iya zama tare, domin duk inda aka sami damar yi wa ɓata ado, damar yi wa gaskiya ado ta fi yawa. Littafin kansa shaida ne. Sunansa na wata dabbar teku ce daga littafin Ayuba na Baibul, a bangonsa kuma an zana wani ƙato mai kambin sarauta ya leƙo daga bayan tsaunuka, takobi a hannun dama, sandar bishop a hagu, jikinsa duk ƙananan mutane ne da suka juya baya suna kallon fuskarsa. Mutumin da ya ce siffantawa yaudara ce ya bar wa falsafar siyasa siffantawar da ta fi kowace shahara.

Masana kimiyya da John Locke fa?

Ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, Royal Society, wadda aka kafa a 1660, ta ɗauki taken da ma'anarsa ita ce kada a dogara da faɗar kowa, abin da Bahaushe zai ce gani ya kori ji. Thomas Sprat, wanda ya rubuta tarihinta a 1667, ya ce mambobinta sun ƙudurta komawa ga magana tsirara, adadin kalmomi daidai da adadin abubuwa, suna fifita harshen masu sana'a da manoma da 'yan kasuwa a kan na malamai. Amma rahotannin Robert Boyle kan gwaje-gwajensa da famfon iska cike suke da bayanin ƙananan abubuwa, da ambaton shaidu, har da gwajin da bai yi nasara ba, kuma amfanin duk wannan shi ne mai karatu ya ji kamar yana wurin, ya kuma yarda cewa mai maganar ba ya ƙari. Rashin ado shi ma salo ne, kuma yana jawo amincewa fiye da ado.

Locke ya fi kowa kaushin harshe. A littafi na uku na babban aikinsa kan fahimtar ɗan Adam, wanda ya fito a ƙarshen 1689, ya ce in ban da tsari da bayyanawa, duk abin da balaga ta ƙirƙiro ba shi da aiki sai cusa ra'ayin ƙarya, da tayar da sha'awa, da karkatar da hukunci, ya kira ta cikakkiyar zamba. Ya kuma ce ya san ɓata baki yake yi, tun da mutane suna jin daɗin a yaudare su. Laifi tudu ne: Locke ya taɓa koyar da balaga a Oxford a farkon shekarun 1660, kuma ra'ayinsa mafi shahara, cewa zuciyar jariri farar takarda ce da ba a rubuta komai a kanta ba, siffantawa ce tsantsa. Leibniz, masanin falsafar Jamus, a martanin da ya rubuta masa wanda bai fito ba sai 1765, ya ce abin zargi shi ne mugun amfani, ya kamanta adon magana da kwanonin Masarawa da aka iya amfani da su wajen bautar Allah na gaskiya.

An taɓa ƙoƙarin samar da harshen da ba za a iya yaudara da shi ba?

An yi, kuma bai yiwu ba. John Wilkins ya fitar a 1668 da wani harshe na ƙirƙira da ya kasa dukkan abubuwa rukuni 40, kowace alama tana nuna matsayin abu a jadawalin. Leibniz ya yi burin alamomin da idan masana biyu suka saɓa, sai su ɗauki alƙalami su ce "mu lissafa". Jonathan Swift ya yi wa irin wannan buri ba'a a 1726 da labarin wasu malamai da suka daina magana, suna yawo da buhunan kaya a baya suna nuna wa juna. Spinoza ya tsara littafinsa na ɗabi'a, wanda aka buga a 1677 bayan rasuwarsa, kamar na Euclid, da ma'anoni da ƙa'idoji da hujjoji, amma a cikinsa ne ya tabbatar da cewa sanin gaskiya, don kasancewarsa gaskiya kawai, ba ya danne sha'awa, sai wata sha'awa da ta fi ta ƙarfi.

Me ya bambanta Blaise Pascal da sauran?

Shi gwanin lissafi ne da bai ruɗi kansa game da iyakar lissafi ba. A wata gajeriyar ƙasida kan fasahar shawo kai ya ce ƙofofi biyu ne ra'ayi ke shiga ta cikinsu, fahimta da so, kuma duk da cewa ta farko ce ta dace, mutane sun fi shigar da abu ta biyun. Ya ba da ƙa'idojin gamsar da fahimta, amma da ya zo kan fasahar faranta rai sai ya ce ta fi wuya, ta fi laushi, kuma ba zai iya tsara mata ƙa'ida ba, domin abin da ke burge mutum ya bambanta daga wannan zuwa wancan, har a mutum guda daga lokaci zuwa lokaci.

A tarin tunane-tunanensa da aka buga a 1670 akwai misalin da ba a mantawa: a ɗora babban masanin falsafa a kan katako mai isasshen faɗi, a ƙarƙashinsa rami mai zurfi, hankalinsa zai tabbatar masa ba zai faɗi ba, amma sawwarawa za ta rinjaye shi. Ya kuma ba da shawarar da ta fi littattafan balaga da yawa amfani, cewa idan za a gyara wa mutum kuskure a fara duba ta wane gefe yake kallon abin, domin galibi ta nan yana da gaskiya, a amince masa da ita, sannan a nuna masa gefen da bai gani ba, kuma mutane sun fi yarda da dalilin da suka gano da kansu. Wasiƙu 18 da ya rubuta a 1656 da 1657 yana sukar malaman Jesuit, cike da ba'a da hirar da aka tsara, sun zama abin koyi a rubutun Faransanci. Ba a ko'ina ya yi wa abokan hamayyarsa adalci a cikinsu ba, wanda hakan ke nuna cewa fargabar Locke ba ta rasa tushe.

Akwai wanda ya fito fili ya kare tsohon tsarin?

Giambattista Vico ya yi haka. Shi ne farfesan balaga a jami'ar Naples ta Italiya tun daga 1699, kuma a jawabin buɗe shekarar karatu na 1708, wanda aka buga a 1709, ya soki yadda mabiya Descartes ke horar da yara. Ya ce idan aka fara koya wa yaro shakka da tantancewa, aka ce ya ɗauki duk abin da ba tabbas ba kamar ƙarya, to an dakushe masa hadda da sawwarawa a shekarun da suka fi kaifi, an kuma raba shi da sanin ya-kamata da ake buƙata a zaman jama'a. Nemo hujja yana gaba da tantance ta, in ji shi, domin ba a tace abin da ba a ɗebo ba. Alƙali da likita da mai mulki kullum a kan abin da ya fi rinjaye suke yanke hukunci, kuma ba su da lokacin jiran burhani. A zamaninsa ba a saurare shi sosai ba, har ya nemi kujerar koyar da shari'a a 1723 bai samu ba, sai a ƙarni na 19 aka dawo ga littattafansa.

Yaya maganar ta kasance a ƙarni na 18?

Ta rabu biyu. A Sikotilan, David Hume ya rubuta a littafinsa na 1739 zuwa 1740 cewa hankali bawan sha'awa ne, ba ya motsa kowa shi kaɗai, kuma wannan ya buɗe ƙofar sake gina balaga a kan nazarin halayyar zuciya. Adam Smith, tun kafin a san shi da tattalin arziki, laccocin balaga ya fara gabatarwa a Edinburgh a 1748. George Campbell a 1776 ya ce manufofin magana huɗu ne: haskaka fahimta, da faranta sawwarawa, da motsa zuciya, da karkata niyya, wanda kusan maganar Bacon ce aka faɗaɗa. Laccocin Hugh Blair da aka buga a 1783 sun zama littafin makaranta a Birtaniya da Amurka na tsawon shekaru masu yawa, sai dai hankalinsu ya fi karkata ga kyawun rubutu da ɗanɗanon adabi fiye da muhawarar majalisa.

A Jamus kuwa Immanuel Kant ya tsaya a layin Locke. A littafinsa na 1790 ya yaba wa iya magana mai tsabta, amma ya ce fasahar da ke amfani da raunin mutane don cimma buri, ko da burin mai kyau ne, ba ta cancanci girmamawa ba, domin tana motsa su kamar injina a al'amuran da ya kamata su yanke hukunci da kansu. Makarantu sun daɗe ba su bi masana falsafa ba: a sakandaren Faransa an ci gaba da kiran aji na kusa da ƙarshe "ajin balaga" har zuwa gyaran manhaja na 1902, lokacin da aka cire sunan aka bar masa lamba.